Haruffan Dangantaka na Ingilishi a Ajin Ɗan Bahaushe: Sharhi kan Yadda Ake Koyar da Su

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyaran insha'in Ingilishi na ɗalibai Hausawa ya san inda jan biro ya fi sauka. Yawanci yakan sauka ne a kan 'yan ƙananan kalmomi irin su "in", "on", "at", "to", "for", "of", "with" da "by". Su ne Turawa ke kira "prepositions", su ne kuma takwarorin abin da malaman nahawun Larabci ke kira huruful jarri. A wannan takarda za mu kira su haruffan dangantaka, domin aikinsu shi ne nuna dangantakar da ke tsakanin suna da sauran sassan jimla, ta fuskar wuri ko lokaci ko dalili ko hanya.

Ƙanƙantar waɗannan kalmomi ba ta rage musu nauyi ba. Uku daga cikinsu, wato "of", "to" da "in", suna cikin kalmomi goma da suka fi yawan aukuwa a rubutun Ingilishi. Da wuya ɗalibi ya rubuta jimla biyu a jere bai bukaci ɗayansu ba. Tun da yake samun kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO sharaɗi ne na shiga jami'a a Nijeriya, rauni a wannan fanni yana iya tsayar da yaro a bakin ƙofa ko da ya yi fice a lissafi da kimiyya. Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan tsarin da aka saba bi wajen koyar da waɗannan haruffa, da nuna abin da aka rasa sakamakon ware Hausa daga darasin, sannan a ba da shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

2.0 Tsarin da Aka Saba

Darasin haruffan dangantaka a yawancin littattafan karatun da ke hannun ɗalibanmu yana tafiya ne a kan matakai uku. Da farko a kawo ma'ana, cewa kalma ce da ke zuwa kafin suna ko wakilin suna don nuna dangantaka. Sai a biyo da jerin kalmomin, wani lokaci tare da hoton kyanwa a kan teburi da ƙarƙashinsa. Daga nan sai aikin cike gurbi. A mako mai zuwa an wuce zuwa wani babi.

Dole mu faɗi abin yabo a nan. Hotunan suna da amfani ga 'yan firamare, kuma aikin cike gurbi yana da sauƙin gyarawa ga malamin da ke fama da cunkoson aji. Haka kuma yana sabar wa ɗalibi da irin tambayoyin canki-canka da zai tarar a zauren jarrabawa. Amma tsarin yana da nakasu guda uku manya. Na farko, ya ɗauka cewa matsalar ɗalibi ita ce rashin sanin kalmomin, alhali matsalarsa ita ce zaɓi a tsakaninsu. Na biyu, ya tara abubuwa masu hali daban-daban a kwando ɗaya. Na uku, bai san da zaman harshen da yaron ya zo da shi daga gida ba. Za mu fara da na ukun, domin shi ne tushen sauran.

3.0 Abin da Ɗan Bahaushe ya Zo da Shi

Yaro ba ya shigowa aji da kai fayau. Kafin ya ji kalmar Ingilishi ko ɗaya, ya riga ya mallaki cikakken tsari na bayyana wuri da lokaci, kuma wannan tsari ya yanka duniya ne a gaɓoɓin da suka saɓa da na Ingilishi.

3.1 Harafi ɗaya a Hausa, da yawa a Ingilishi

Mu dubi harafin "a" a waɗannan jimloli:

1. Na gan shi a gida.
2. Na gan shi a Kano.
3. Na gan shi a hanya.
4. Na gan shi a ranar Litinin.
5. Na gan shi a watan Mayu.

Hausa ta wadatu da harafi guda a duk biyar. Ingilishi kuwa sai ya nemi "at home", "in Kano", "on the road", "on Monday" da "in May". Ke nan inda Bahaushe bai taɓa yin zaɓi ba, yanzu an ce ya zaɓi ɗaya daga cikin uku. Ba shi, ɗalibai da dama sukan kama "in" ko "at" su riƙa dora shi a ko'ina, domin suna neman wanda zai maye musu gurbin "a".

Lamarin harafin "da" ya fi haka faɗi. Muna cewa ya yanka da wuƙa, an ɗinka da hannu, ya zo da safe, ya zo da dare, kusa da masallaci, nesa da gari, ya bambanta da wancan. Takwarorinsu a Ingilishi su ne "with a knife", "by hand", "in the morning", "at night", "close to", "far from" da "different from". Idan an koya wa yaro tun a aji ɗaya cewa fassarar "da" ita ce "with", to ba abin mamaki ba ne ya rubuta "different with" ko "far with". Ya yi aiki ne da ƙa'idar da aka ba shi.

Haka abin yake ga "wa" da "ma". Ya saya mini littafi, ya aiko mini da wasiƙa, sun yi mini dariya, ya sace mini akuya: a nan Ingilishi zai bukaci "for me", "to me", "at me" da "from me".

3.2 Inda Hausa ba ta bukatar harafi

Aikatau na Hausa yana ɗauke da nauyin da Ingilishi ke dora wa haruffan dangantaka. Tun 1960 F. W. Parsons ya fito da tsarin giredin aikatau, wanda ya nuna yadda ƙarshen aikatau ke bayyana alkibla: "fita" da "fito", "shiga" da "shigo", "saya" da "sayar". Bayan haka, aikatau na tafiya yana haɗuwa da wurin da aka nufa kai tsaye. Muna cewa ya tafi makaranta, ka saurare ni, ka jira ni, ina neman aiki, dubi allo. Babu harafi a ko ɗaya. Daga nan ne ake samun "he went school", "listen me" da "wait me", a maimakon "went to school", "listen to me" da "wait for me".

Akasin haka ma yana faruwa. Muna tattaunawa a kan batu, kuma ɗa yana kama da ubansa, amma "discuss" da "resemble" ba sa ɗaukar harafi. Wanda ya rubuta "discuss about" ko "resemble with" ya ƙara abin da Ingilishi bai nema ba.

3.3 Gaba da baya

Da yawa daga cikin kalmomin wuri na Hausa sun samo asali ne daga sassan jiki: kai ya ba da "kan", ciki ya ba da "cikin", baki ya ba da "bakin", gindi ya ba da "gindin", baya ya ba da "bayan". Kalmar "bayan" kaɗai tana aikin wuri da na lokaci, bayan gida da bayan sallar Azahar, inda Ingilishi ya raba su zuwa "behind" da "after".

Akwai kuma wani bambanci mai zurfi wanda Clifford Hill ya yi nazari a kansa tun cikin shekarun 1970, ya kuma wallafa kwatancin Hausa da Ingilishi a 1982. A ce mutum yana tsaye yana kallon tulu, can ƙetaren tulun kuma akwai ƙwarya. Mai jin Ingilishi yakan ɗauki tulun tamkar yana fuskantarsa, saboda haka ƙwaryar tana "behind" tulun. Bahaushe kuwa yakan ɗauki tulun tamkar yana kallon inda shi ma yake kallo, kamar mutane a sahu, sai ya ce ƙwaryar tana gaba da tulun, muddin dai ana hango ta. To, idan littafi ya kawo hoto ya ce a zaɓi "in front of" ko "behind", yaron da ya san fassarar kalmomin sarai yana iya faɗuwa. Malamin da bai san da wannan ba zai ɗauka sakarci ne, alhali tsari ne ya ci karo da tsari.

4.0 Tara Abubuwa Daban-daban a Kwando Ɗaya

Nakasu na biyu shi ne yadda aikin cike gurbi guda yakan haɗa tambayoyi irin waɗannan: littafi yana wane wuri dangane da teburi, wane harafi ke bin "depend", kuma yaya ake cewa an tafi da ƙafa. A ido duk tambaya ɗaya ce, amma ilimin da kowace ke bukata daban ne. A ganinmu ya kamata a rarrabe rukunoni uku.

Rukuni na farko shi ne haruffan wuri da lokaci, waɗanda ke da ma'ana da za a iya bayyanawa. "At" yana kallon wuri a matsayin ɗigo, "on" yana kallonsa a matsayin shimfiɗa ko layi, "in" kuma a matsayin abin da ke da ciki. Wannan hoto shi ne aka ɗauko aka dora wa lokaci: sa'a ɗigo ce, don haka "at three o'clock"; rana shimfiɗa ce, don haka "on Monday"; wata da shekara mazubi ne, don haka "in May" da "in 1960". Ko a abin hawa akwai dalili: ana cewa "on a bus" da "on a plane" inda mutum ke iya miƙewa ya taka, amma "in a car" inda zama kawai ake yi. Seth Lindstromberg a 1998, da Andrea Tyler da Vyvyan Evans a 2003, sun rubuta littattafai sukutum suna nuna cewa ma'anonin waɗannan haruffa suna da asali ɗaya da rassa, ba tarkace ne ba. Har yanzu wannan fahimta ba ta yi tasirin a zo a gani ba a darussanmu.

Rukuni na biyu shi ne haruffan da ke manne da wani aikatau ko sifa ko suna: "depend on", "afraid of", "congratulate on", "accuse of", "interested in", "senior to". A nan neman dalili ɓata lokaci ne ga ɗan sakandare. Abin da ya dace shi ne a koyi kalmar tare da harafinta a rana ɗaya, kamar yadda ɗan Bahaushe bai taɓa koyon "rabu" ba tare da "da" ba. Littafin da ya kawo "depend" a jerin sababbin kalmomi a zango na ɗaya, ya jinkirta "on" sai babin haruffa a zango na uku, ya raba hanta da jini.

Rukuni na uku shi ne daskararrun maganganu irin su "on foot", "by heart", "in the long run" da "put up with". Waɗannan sai dai a haddace su cikin jimla, kuma karatu mai yawa ne kaɗai ke zaunar da su.

Idan aka cakuɗa rukunonin uku, darasin da ɗalibi ke ɗauka shi ne cewa babu ƙa'ida ko kaɗan, sai dace. Daga nan sai ya koma canki-canka na gaske.

5.0 Wane Ingilishi Ake Gyara da Shi?

Ba kowane kuskure ne za a jingina wa Hausa ba. S. Pit Corder ya nuna a 1967 cewa kurakuran mai koyo shaida ce ta ƙa'idojin da yake ginawa a kansa, ba shara ba ce kawai da za a share. Wanda ya ce "comprise of" ya yi kiyasi ne da "consist of", kuma Hausa ba ta da hannu a ciki, domin "ƙunsa" ba ya ɗaukar harafi. Maganganu irin su "request for" a matsayin aikatau, "emphasize on" da "congratulate for" sun zama ruwan dare a Ingilishin Nijeriya daga Sakkwato har Fatakwal, ana jin su a rediyo, ana karanta su a jarida, wani lokaci ma daga bakin malami yaro ya ɗauko su. David Jowitt ya yi bayanin irin waɗannan siffofi a littafinsa na 1991 kan Ingilishin Nijeriya. Yaron da aka ci shi maki a kan abin da yake ji daga manya kullum yana da hakkin a bayyana masa cewa akwai Ingilishin hira, akwai kuma wanda ake nema a rubutu da jarrabawa.

Su kansu Turawa ba bakinsu ɗaya ba. Mutanen Ingila suna cewa "at the weekend", Amurkawa suna cewa "on the weekend". Bayan "different", ana samun "from" a ko'ina, "to" a Ingila, "than" a Amurka. Yaranmu na yau suna shan Ingilishin Amurka ta finafinai da intanet. Aikin cike gurbi mai amsa ɗaya tal ba ya barin wuri ga wannan gaskiya, kuma jagoran malami da wuya ya ambace ta.

Abin da ya fi cancantar lokacin aji shi ne wuraren da sauya harafi ke sauya ma'ana. "By Friday" yana nufin kada a wuce Juma'a, "until Friday" kuwa yana nufin a ci gaba har Juma'a. "Throw to" jefa wa mutum abu ne ya cafe, "throw at" jifansa ne. "On time" zuwa ne daidai lokaci, "in time" zuwa ne kafin a makara. "Since" yana bukatar mafarin lokaci, "for" yana bukatar tsawonsa, kuma saboda "tun" ne ɗalibanmu ke rubuta "since two years". Ma'aikacin asibiti ko akawun kotu da ya rikita waɗannan ya yi ɓarnar da ta wuce asarar maki.

6.0 Hujjar Masu Hana Hausa a Darasin Ingilishi

Akwai malamai da masana da ke ganin cewa shigo da Hausa cikin darasin Ingilishi yana ƙarfafa ɗabi'ar fassara, yana kuma rage wa yaro lokacin jin Ingilishi. Suna kuma tunatar da mu cewa nazarin kwatancin harsuna, wanda Robert Lado ya yi wa shimfiɗa a 1957, bai cika alkawarinsa na hango dukkan kurakurai ba. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, kuma sashe na 5.0 ya tabbatar da wani ɓangarenta. Darasin da ya koma fassara kalma da kalma shi ne ma ya haifi "different with".

Amma hana ambaton Hausa ba ya hana yaro tunani da ita. Fassarar tana gudana a zuci ko an yarda ko ba a yarda ba. Bambancin kawai shi ne ko tana gudana da jagora ko babu. Minti biyar da malami zai ɗauka ya rubuta jimloli biyar na "a" a allo, ya jera takwarorinsu a gefe, ya fi mako guda na jan biro. Haka kuma ɗaliban da suka yi Islamiyya sun riga sun san cewa "fi" da "ala" na Larabci ba su yi daidai da "cikin" da "kan" a kowane wuri ba. Wannan jari ne da darasin Ingilishi ke bari yana zubewa.

Manufar ƙasa kan harshen koyarwa ta sha sauyi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yanki a farkon firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi. Ko wace manufa ce ke aiki, harshen da yaro ya tashi da shi bai sauya ba. Hasali ma, duk lokacin da aka ƙara wa Ingilishi nauyi a matsayin harshen koyarwa, bukatar fahimtar inda yake karo da Hausa ƙaruwa take yi, domin tambayar lissafi da ta kimiyya ma da waɗannan haruffa ake gina su. Bambancin "increase by ten" da "increase to ten" ya isa misali.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

i. Masu tsara manhaja su daina ware haruffan dangantaka a babi guda. A rarraba su bisa rukunoni uku: na wuri da lokaci a firamare, masu manne da kalma tun daga babbar firamare zuwa ƙaramar sakandare, daskararrun maganganu kuma a duk tsawon sakandare.

ii. Marubuta littattafai su riƙa shigar da kowane sabon aikatau ko sifa tare da harafinsa da jimlar misali.

iii. A samar da ƙaramin jagoran malami mai kwatanta "a", "da", "wa", "tun" da "bayan" da takwarorinsu na Ingilishi. Wannan zai fi amfanar malamin Ingilishi wanda ba ya jin Hausa, kuma malaman Hausa na makarantar su ne abokan aikinsa a nan. A ajin da ke da masu Fulfulde ko Kanuri ko wani harshe, hanyar ɗaya ce, misalan ne za su sauya.

iv. A rage dogaro ga cike gurbi. A sa ɗalibai su kwatanta hanya daga makaranta zuwa kasuwa, su bayyana jadawalin mako, su gyara sakin layi, su kuma faɗi bambancin ma'ana tsakanin jimloli biyu.

v. Kwalejojin ilimi su sanya nazarin kurakuran ɗalibai cikin horon malaman harshe, ta yadda malami zai iya gane ko kuskure daga harshen uwa ya fito, ko daga kiyasi, ko daga Ingilishin da ake ji a gari, domin kowane da maganinsa.

vi. Ƙa'idar gyaran takardu ta fayyace wuraren da amsa fiye da ɗaya ta halatta, ta kuma fi tsananta wa kuskuren da ke sauya ma'ana.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa wahalar da ɗalibai Hausawa ke sha wajen zaɓen harafin dangantaka tana da tushe sananne, kuma mafi yawanta ana iya hango ta tun kafin a shiga aji. Tsarin ma'ana da jeri da cike gurbi yana auna abin da bai koyar ba. Hausawa na cewa sai an san asalin ciwo ake samun maganinsa. Bayanin nahawun Hausa yana nan a rubuce, daga aikin M. K. M. Galadanci na 1976 zuwa na Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001. Aikin da ya rage shi ne a ɗauko wannan ilimi daga ɗakunan karatu na jami'a a kai shi teburin malamin firamare da na sakandare, cikin sigar da zai iya aiki da ita a darasin minti arba'in.